Gano Lahani da Sauya Sassan da Suka Lalace a Tanderu da Manyan Murahu: Darasi Daga Ƙasar Birnin Gwari

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya yi sammako a garin Birnin Gwari, ko a ƙauyukan da ke bakin hanyar Kaduna da ta Funtuwa, zai tarar da hayaƙi yana tashi daga wurare iri-iri: tanderun masu burodi, murhun masu turara shinkafa, wurin dafa kalwa don yin daddawa, da madafar makarantun kwana. Dukkansu a fili aka gina su ko a ƙarƙashin rumfa, kuma da itace suke aiki. Ranar da aka gama gina su sukan yi aiki yadda ake so. Amma bayan damina ɗaya ko biyu sai a ji mai tanderu yana kukan cewa itace ba ya auki, burodi yana ƙonewa a gefe guda, hayaƙi kuma ya hana ma'aikata sakat. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan mai sayar da itace, alhali kuwa lahanin yana jikin ginin.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa ɗalibai da malamai yadda itace ke cin wuta, da sassan tanderu da aikin kowannensu, da hanyoyin gano sashen da ya lalace, da kuma yadda ake gyara shi ko sauya shi. Za a kuma nuna dangantakar wannan aiki da lafiyar huhun ɗan Adam da ta dajin da itacen ke fitowa daga cikinsa.

2.0 DAJIN KAMUKU DA ITATUWANSA

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. A ƙasarta ne dajin Kamuku yake, wanda ya sami sunansa daga al'ummar Kamuku. An keɓe shi a matsayin gandun daji a shekarar 1936, sannan Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun ƙasa a shekarar 1999. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, kuma yana manne da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Doka ta hana saran itace a cikinsa.

Bishiyar da ta fi yawa a irin wannan daji ita ce doka. Masana ilmin tsirrai ma da sunanta na Hausa suka yi mata laƙabi, suna kiran ta Isoberlinia doka. Akwai kuma maje da marke da ƙirya da baushe da taura da kawo da madobiya, ga kaɗanya da ɗorawa a gonaki. Itacen ƙirya da na marke suna da nauyi da tauri, shi ya sa garwashinsu ke daɗewa, maƙera kuma suka fi son gawayin ƙirya. Sai dai irin waɗannan bishiyoyi ba sa girma da sauri. Abin da gatari ya kayar cikin sa'a guda, sai an yi shekaru masu yawa kafin a sami madadinsa.

Bugu da ƙari, rashin tsaron da ya addabi wannan yanki tun daga shekarun 2010 ya sa shiga daji neman itace ya zama kasada, kafin sulhun da aka ƙulla a ƙarshen shekarar 2024. Saboda haka kowane dami na itace da tsagaggen tanderu ya cinye a banza asara ce ta kuɗi, da ta bishiya, wani lokaci har da jefa ran mai saran cikin haɗari.

3.0 YADDA ITACE KE CIN WUTA

Itace ajiyar hasken rana ne. Ganyen bishiya yana haɗa ruwa da iskar kabon-dayoksaid da taimakon hasken rana ya samar da sukari, sukarin kuma shi ake sarrafawa ya zama jikin itace. Kusan rabin busasshen itace wani sinadari ne mai suna selulos, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari kuma lignin ne, wato sinadarin da ke ba itace tauri. Ƙona itace warware wannan haɗi ne, a saki zafin da aka tara.

Ƙonewar tana bin matakai uku. Na farko, ruwan da ke cikin itacen yana tafasa ya fita a matsayin tururi. Na biyu, idan zafi ya kai digiri 200 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyos, jikin itacen yakan fara wargajewa yana fitar da iskar gas da ɗanyen kwalta. Wannan shi ne hayaƙi. Idan zafi ya kai wajen digiri 600, kuma akwai isasshiyar iska, sai hayaƙin ya kama da wuta ya zama harshen wuta. Na uku, abin da ya rage, wato gawayi, yana ci a hankali ya zama garwashi, daga nan ya koma toka. Fiye da rabin zafin da ke cikin itace yana cikin wannan hayaƙi ne. Don haka hayaƙin da ya fita bai ƙone ba makamashi ne da aka saya da kuɗi aka sallama wa iska.

Abubuwa uku wuta ke bukata: makamashi, da zafi, da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa. Kilo ɗaya na busasshen itace yana bukatar aƙalla kilo 6 na iska kafin ya ƙone sarai. Idan iskar ta gaza, sai hayaƙi ya yi yawa. Idan kuma ta wuce kima, sai ta sanyaya wutar ta kwashe zafin ta fice da shi.

Batun ruwa yana bukatar ɗan lissafi. Kilo ɗaya na itacen da babu ruwa ko kaɗan a cikinsa yana ba da zafi kimanin megajul 19, busar da kilo ɗaya na ruwa kuma yana cinye kimanin megajul 2.3. Kusan rabin nauyin ɗanyen itace ruwa ne. Kilo 10 na ɗanyen itace ke nan yana ɗauke da kilo 5 na ainihin itace, wato megajul 95, a cire wajen 12 na busar da ruwa, saura 83. Kilo 10 na itacen da ya bushe har ruwansa ya koma kashi 20 cikin ɗari kuwa yana ɗauke da kilo 8 na ainihin itace, wato megajul 152, a cire wajen 5, saura 147. Asarar ma ta wuce abin da lissafin ya nuna, domin tururin yana hana wutar kaiwa zafin da hayaƙi zai kama.

4.0 SASSAN TANDERU DA AIKINSU

Tanderu iri biyu ne. A iri na farko, a cikin ɗakin gashin ake hura wuta, idan bango ya ɗauki zafi sai a kwashe garwashin a shigar da burodi. A iri na biyu, gidan wuta daban yake a ƙasa ko a gefe, zafinsa ne ke ratsawa zuwa ɗakin gashi. Babban murhun da ake girke tukunya ko rabin ganga a kansa ɗan'uwan iri na biyu ne. Sassan da ake samu a yawancinsu su ne:

(a) Daɓe da bango da rufi, waɗanda ake yi da jan bulo ko tubali da laka. Aikinsu shi ne tara zafi da sakin sa a hankali.
(b) Rigar waje, wato shafen laka da aka cuɗa da buntun shinkafa ko garin katako. Ƙananan ramukan iskar da ke cikinta su ke hana zafi tserewa, kamar yadda gashin jikin tunkiya ke yi mata.
(c) Raga, wato jerin rodi ko zubabben ƙarfe da itace ke zama a kai, don iska ta shiga ta ƙasa, toka kuma ta zube.
(d) Ramin toka da kafar shigar iska.
(e) Ƙofa da hinjinta da sakatarta.
(f) Bututun hayaƙi, da makarin da ke cikinsa don rage ko ƙara jan iska, da hular da ke kansa don tare ruwan sama.
(g) Rumfar da ke kare ginin duka.

Ana iya kwatanta tanderu da jikin dabba. Kafar iska ita ce hanci, gidan wuta shi ne ciki, rigar laka ita ce fata. Bututu kuwa aikin ƙirji yake yi. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, saboda haka takan hau sama ta cikin bututun, hawanta kuma shi ke jawo sabuwar iska ta ƙasa. Gwargwadon tsawon bututu da zafin cikinsa, gwargwadon ƙarfin jan.

5.0 GANO LAHANI

Likita ba ya ba da magani sai ya tambayi alamomin ciwo. Haka ya kamata mai gyara ya yi, ya fara da abin da ya fi sauƙi da araha kafin ya kai ga rushe gini. Tsarin binciken shi ne: itace, sannan toka, sannan bututu, sannan ƙofa, sannan raga, daga ƙarshe bango.

5.1 Wuta ba ta kamawa sosai, ga farin hayaƙi mai kauri. Abin da za a fara zargi shi ne ɗanyen itace. Alamarsa ita ce kumfa da tsuwa a ƙarshen guntun da ke cikin wuta. Idan aka buga guntaye biyu na busasshen itace sukan yi ƙara mai kaifi, bakinsu kuma a tsattsage yake. Idan itacen ya bushe amma matsalar ba ta kau ba, a duba ko toka ta cika rami ta toshe kafar iska.

5.2 Hayaƙi yana dawowa ta ƙofa. Wannan alama ce ta raunin jan iska. A kunna ɗan tsumma a kusantar da shi bakin gidan wuta. Idan hayaƙinsa bai karkata ciki ba, to bututu ya toshe ko ya huje. Abubuwan da kan toshe shi su ne kunkunniya, da sheƙar tsuntsu, da gidan zanzaro, da ɓallen bulo, da makarin da tsatsa ta riƙe a rufe. Huda kuwa tana shigar da iska mai sanyi a tsakiyar hanya, sai jan ya mutu.

5.3 Itace yana ƙarewa da wuri, zafi bai taru ba. A nan iska ce ke shiga ta inda ba a so. A saka takarda tsakanin ƙofa da bakin tanderu lokacin da yake a huce, a rufe, a ja takardar. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, ƙofar ba ta kama a wannan wuri ba. A maimaita a dukkan kusurwoyi huɗu. Don gano tsaga a bango, a hura ƙaramar wuta da ɗanyen ganye, a rufe bututu na ɗan lokaci, a zagaya a sa wa duk inda hayaƙi ya ɓullo alama da alli. Baƙin layi a jikin bango shi ma shaida ce ta tsohuwar tsaga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita ma iska haka take yi.

5.4 Gashi ba ya daidaita. Burodi yana son zafin da ya kai digiri 200 zuwa 230. Inda babu ma'aunin zafi, a barbaɗa garin alkama kaɗan a wurare shida ko takwas a kan daɓen, a lura da inda ya yi saurin yin ja da inda ya zauna fari. Wurin da ya yi sanyi yakan nuna bulon da ya kwance, ko damshi a ƙarƙashin daɓe, ko rigar waje da ta zaizaye. Idan aka ƙwanƙwasa bulo da ɗan ƙarfe, lafiyayye yana amsawa da ƙara mai daɗi, wanda ya rabu da laka kuwa yana amsawa kamar fasasshiyar tukunya.

5.5 Baƙin ruwa mai wari yana zuba daga bututu. Wannan ɗanyen kwalta ne da ya daskare a jikin bututun, abin da ke faruwa idan zafin hayaƙi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 120. Ɗanyen itace da danne wuta ta yi ta ci a hankali su ke jawo shi. Haɗarinsa babba ne, domin idan ya taru yana iya kamawa da wuta a cikin bututun, zafin ya haura digiri 1,000, rumfa ta kama.

6.0 DALILAN LALACEWA DA YADDA AKE SAUYI

Kafin a taɓa komai, a bar tanderu ya huce sarai, a buɗe ƙofa iska ta ratsa shi, a kwashe toka cikin bokitin ƙarfe. Garwashi yana iya kwana biyu ko fiye a raye a cikin toka.

6.1 Raga. Ita ce ta fi saurin lalacewa. Idan ƙarfe ya yi ja, fuskarsa tana haɗuwa da oksijin ta zama ɓawo, ɓawon ya zube, sabo ya fito, har rodin ya sirance ya lanƙwashe. Tokar da ta taru har ta taɓa raga tana ƙara saurin wannan, domin ta hana iskar da ke sanyaya ƙarfen wucewa. Wajen sauyi a zaɓi rodi mai kauri ko zubabben ƙarfe, a bar tazarar kamar faɗin yatsa tsakanin sanduna. Muhimmin abu shi ne kada a binne bakin rodin cikin gini. Rodi mai tsawon mita ɗaya yana ƙara tsawon kimanin milimita 6 idan zafinsa ya ƙaru da digiri 500. Idan bai sami wurin miƙewa ba, ko ya tanƙware ko ya tsaga bango. A gina ɗan gefe a ɗora ragar a kai, a bar sarari a kowane ƙarshe. Hakan kuma zai sa a iya ɗauke ta a juya ta ba tare da an kira magini ba.

6.2 Ƙofa. Cikin ƙofa yana zafi fiye da bayanta, wannan bambanci shi ke murɗa farantin ƙarfe. Idan murɗewar kaɗan ce, maƙeri zai iya miƙar da ita, mai walda kuma ya ƙarfafa bayanta da ƙarfen kwana. Idan ta huje sai sabuwa. Ƙofa mai rufi biyu, wadda aka cika tsakaninta da toka busasshiya ko laka mai buntu, ta fi riƙe zafi. Hinjin da ya saki a sauya masa ƙusa. Inda ake samun igiyar zaren gilashi mai jure wuta, akan zagaye bakin ƙofa da ita, a sauya ta idan ta taurare ko ta baje. Inda babu, shafen laka a bakin ƙofa lokacin gashi yana biyan bukata.

6.3 Tsagar bango da bulo. Laka tana kumbura da zafi tana tsukewa da sanyi. Yashin da ke cikinta ma yana ƙara girma farat ɗaya a digiri 573, ya koma idan ya huce. Ƙananan tsagogi kamar zare ba abin damuwa ba ne. Wadda ta isa a cusa tsinken ashana a ciki ita ke bukatar gyara. A kankare ta a faɗaɗa bakinta, a share ƙura, a jiƙa wurin, sannan a cusa kwaɓin yumɓu da yashi. Yawanci akan haɗa kashi ɗaya na yumɓu da kashi biyu ko uku na yashi, amma ƙasa ta bambanta. Hanyar tabbatarwa ita ce a yi ƙananan tubala da haɗi daban-daban a shanya a inuwa. Wanda ya tsage yumɓunsa ya yi yawa, wanda ya marmashe yashinsa ya yi yawa. Mata masu ginin tukwane sun san ramin yumɓu mai kyau a kowane gari, kuma ƙasar suri tana da danƙo mai amfani.

Kada a yi amfani da siminti a inda wuta ke taɓawa. Ƙarfin siminti daga ruwan da ya haɗu da shi yake, zafin da ya wuce digiri 300 kuma yana fara korar wannan ruwa, kafin a kai 500 ya soma zama gari. Bulon da ya fashe a cire shi ɗungum, a sa jan bulo da ya gasu sosai, a yi haɗin laka siriri. Idan rufi ne ya fara zama, ko bulo ya zazzago daga cikinsa, a dakatar da aiki a kira magini, domin faci ba ya tsayar da rufin da ke shirin faɗuwa.

6.4 Busar da gyara. A nan ne gaggawa ke ɓata aiki. Ruwa idan ya zama tururi yana ƙara girma kimanin sau 1,700. Idan aka hura babbar wuta a kan ɗanyar laka, tururin zai fasa ta daga ciki. A bar gyaran ya sha iska na mako guda ko fiye, sannan a yi kwana uku ko huɗu ana hura ƙaramar wuta ana ƙara ta a hankali.

6.5 Bututu. A share shi da burushin waya da aka ɗaura a gora, aƙalla sau ɗaya a wata idan kullum ake aiki. Kwalta da damshi suna haɗuwa su zama ruwa mai tsami da ke cin ƙarfe, shi ya sa bututu ke fara hujewa a gwiwa da mahaɗa. A sauya gaɓar da ta huje da mai faɗi daidai da ita, domin tsukewa tana rage ja. Bakin gaɓar sama ya shiga cikin ta ƙasa, don kwaltar da ta narke ta koma ciki. Bututun ya ɗara rumfa tsawo, kuma kada ya taɓa azara ko ciyawa.

6.6 Rumfa da gindi. Ruwan sama ya fi wuta illa ga ginin laka. Daminar wannan yanki tana kamawa daga Mayu zuwa Oktoba. Jiƙaƙƙen bango sai ya cinye itace mai yawa kafin ya fara ɗaukar zafi, jiƙaƙƙiyar toka kuma tana riƙe damshi a jikin ƙarfe ta jawo tsatsa. A toshe yoyon rumfa, a haƙa magudana, a ɗaga gindin ginin. Lokacin babban gyara shi ne hunturu zuwa farkon bazara, sa'ad da laka ke bushewa da kyau. A lokacin ne kuma ya dace a faskara itacen damina a jera shi a kan duwatsu a ƙarƙashin rufi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7.0 KIYAYE LAFIYA

Idan iska ta gaza wa wuta, akan sami iskar kabon-monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. A cikin jini akwai sinadarin himogilobin mai ɗaukar oksijin zuwa sassan jiki. Kabon-monoksaid tana manne masa fiye da yadda oksijin ke yi sau 200 da ɗoriya, ta hana shi aikinsa. Alamomin farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. Wanda ya nuna su a fitar da shi fili nan take a kai shi asibiti. Ma'aikatan da ke kwana a jikin tanderu don jin ɗumi a lokacin sanyi su ne suka fi shiga wannan haɗari.

Ƙananan ɓurɓushin hayaƙi kuma suna kutsawa can cikin huhu su jawo tari mai naci da ciwon huhu da na zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki da makamantansa ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Akwai abubuwan da bai kamata su kusanci tanderu ba. Kada a hura wuta da taya ko leda ko baƙin mai, ko katako mai fenti, ko tsohon turken lantarki da aka jiƙa da magani. Kada a yi raga ko ƙofa da kwanon rufi, domin farin sinadarin zinki da ke jikinsa yana narkewa a digiri 420, hayaƙinsa kuma yana sa zazzaɓi. Kada a yi amfani da tsohon silin na asbestos, ƙurarsa tana jawo sankarar huhu. Gangar da aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a ciki ba ta dace da abinci ba, kuma tana iya fashewa a hannun mai walda.

8.0 ABIN DA AKE YI A WASU WURARE

A ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Amurka da Kanada, akwai murhun itace da ake girkewa a bayan gida, yana dafa ruwa, famfo yana tura ruwan ta bututun ƙarƙashin ƙasa don ɗumama ɗakuna. Yana da fanka da na'urar daidaita zafi, amma cututtukansa irin na tanderun Birnin Gwari ne: igiyar ƙofa ta saki, kwalta ta toshe hanya, jiƙaƙƙiyar toka ta ci ƙarfe. Yawan hayaƙinsa ya sa hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa masa ƙa'ida a shekarar 2015, ta ƙara tsaurara ta a 2020.

A nan gida, murhun duwatsu uku yana isar da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai na zafin itace ga tukunya. Wannan ya sa Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta ƙera ingantattun murahu, a Jamhuriyar Nijar kuma aka yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi tun shekarun 1980. Sai dai ingantaccen murhun da ya tsage aka ƙyale shi yakan koma cin itace kamar na da.

9.0 AIKIN GWAJI GA ƊALIBAI

Gwaji na ɗaya: a sami ɗanyen reshe daga sassaben gona, a faskara shi biyu, a auna nauyin kowane ɓari. A ajiye ɗaya a inuwa mai iska a kan dutse, ɗaya a ƙasa a fili. A riƙa aunawa kowane mako har nauyin ya daina raguwa, a zana jadawalin sakamakon.

Gwaji na biyu, tare da malami da izinin masu dafa abinci: a auna itacen da murhun makaranta ke ci wajen tafasa lita 20 na ruwa. A kwashe toka, a share bututu, a lilliƙe tsagogi, a bari ya bushe. A maimaita gwajin da tukunya ɗaya da irin itace ɗaya, sau uku kafin gyara, sau uku bayansa. A lissafa bambancin a ninka shi da kwanakin zangon karatu.

10.0 KAMMALAWA

An ga cewa yawancin lahanin tanderu da murhu yana komawa ga abubuwa uku: ruwa a cikin itace ko gini, iska da ta gaza ko ta yi yawa, da ƙarfen da zafi ya cinye. An kuma ga cewa ana iya gano su da takarda da tsumma da garin alkama, a gyara su da yumɓu da yashi da taimakon maƙeri da magini na cikin gari. Abin da ya rage shi ne a mayar da dubawa al'ada: toka kullum, bututu kowane wata, ƙofa da raga kowane zango, bango da rumfa kafin faɗuwar damina. Makarantar da ta riƙe wannan tsari za ta rage kuɗin itace, ta kare lafiyar masu dafa mata abinci, ta kuma rage nauyin da ke kan doka da marke da ƙiryar da ke kewaye da Kamuku.

TAMBAYOYI

1. Bayyana matakai uku na ƙonewar itace.
2. Me ya sa ba a binne bakin rodin raga a cikin gini?
3. Lissafa zafin da kilo 20 na itace mai ruwa kashi 30 cikin ɗari zai bayar.
4. Ta yaya kabon-monoksaid ke cutar da jiki?
5. Kawo sunayen bishiyoyi biyar da ake ƙonawa a garinku, ka nuna waɗanda suka fara wuyar samu.